Sanarwar neman ma'aikata ta ɓata ni da 'yan'uwa da maƙwabta

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Damagaram, ina da shagon kayan wutar sola kusa da Kasuwar Dole, da kuma mangaza inda nake ajiye batura da faifan sola. Harka ta buɗe, na ga ina buƙatar mutum biyu, ɗaya ya riƙe lissafi da kuɗin ciniki, ɗaya ya kula da shigar kaya da fitarsu. Sai na rubuta sanarwa na tura a WhatsApp kamar haka: "Ana neman samari biyu lafiyayyu, 'yan asalin gari, masu shekara 20 zuwa 28, marasa aure, masu jin Faransanci sosai." Ba a jima ba 'yar ƙanwata, wadda ta yi karatun lissafin kuɗi a jami'a kuma tana gidan mijinta, ta aiko mini da saƙo cewa na rufe mata ƙofa tun ba ta iso ba. Maƙwabcina kuma, wanda ɗansa ya yi shan-inna tun yana ƙarami amma duk layinmu ba wanda ya kai shi iya kwamfuta, ya rage gaisawa da ni. Allah ya sani ban yi nufin wulaƙanta kowa ba, asara kawai nake gudu. Shin ba ni da ikon zaɓar wanda zan ba amanar dukiyata? In kuma sanarwar ce ba daidai ba, yaya zan gyara ta?

Wani ɗan kasuwa, Damagaram.

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya maimakon ka ce dukiyarka ce, kowa ya yi ta kansa.

Kana da ikon zaɓar wanda za ka ba amanar dukiyarka, babu mai ja da kai a kan wannan. Abin da ya faru shi ne sanarwar ta riga ka yin zaɓen, kuma ta yi shi ne da ma'aunin da bai shafi aikin ba. Ka sake karanta ta a tsanake. Ta faɗi jinsin mutum, da lafiyar jikinsa, da asalinsa, da shekarunsa, da zancen aurensa, amma ba ta ce uffan ba a kan ko ya iya haɗa lissafin cinikin yini, ko ya iya rubuta rasiti, ko ya san bambancin batirin da ya cika da wanda ya fara mutuwa. Saurayi ɗan shekara 24, haifaffen unguwar Birni, wanda bai taɓa riƙe littafin lissafi ba, ya cika dukan sharuɗɗanka. 'Yar ƙanwarka da ta yi shekaru tana koyon wannan aikin takamaimai ba ta cika su ba. In dai asara kake gudu, to wannan sanarwar ba za ta tsare ka daga gare ta ba.

Ya kamata kuma ka san matsayin doka, domin 'yan kasuwa da yawa suna ɗauka cewa dokar aiki ta manyan kamfanoni ce da ƙungiyoyin agaji kawai. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta faɗa a sashenta na 5 cewa mai ɗaukar ma'aikata ba zai dubi jinsi, ko shekaru, ko asali, ko launin fata, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko nakasa, ko cutar sida, ko amosanin jini, ko kasancewar mutum a ƙungiyar ƙwadago ba wajen yanke shawarar ɗauka aiki, ko biyan albashi, ko ƙarin girma, ko sallama. Ita wannan dokar har ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata su ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben da suke cikewa. Gurbi biyu ba ya fitar da wannan kason a lissafi, amma ya ishe ka ka gane inda dokar ta fuskanta. Tun 1962 ma ƙasarmu ta amince da yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana nuna bambanci a wajen aiki, kuma yarjejeniyar ta bar ƙofa guda ɗaya: sharaɗin da shi kansa aikin ba zai yiwu ba sai da shi, ba a lissafa shi cikin nuna bambanci. Direba dole ya kasance yana gani kuma yana da lasisin tuƙi. Wannan ne ma'aunin da nake so ka ɗora kowace kalma ta sanarwarka a kai.

Addininmu ma a nan ya tsaya. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, da 'yar dattijon Madyana take ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, abu biyu ta ambata, ƙarfi da amana, alhali shi baƙo ne da ya iso garin daga wata ƙasa. Ƙarfin mai lissafi kuwa yana cikin iya lissafinsa.

Yanzu mu ɗauki tsoron da ke bayan kowane sharaɗi, domin na yarda cewa kowanne yana da dalili a ranka, kuma dalilin ba na banza ba ne.

Da ka ce samari marasa aure, ina jin abin da ke ranka shi ne lokacin tashi daga aiki, da fargabar cewa matar aure za ta haihu ta bar ka da lissafi a hannu, ko mijinta ya hana ta fita wata rana, da kuma zaton cewa magidanci zai nemi albashin da ya fi ƙarfinka. Maganin wannan duka shi ne ka faɗi gaskiyar aikin a fili. Ka rubuta ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa, wace rana ake hutawa, nawa ne albashi. Wadda lokacin bai yi mata ba, ko wanda kuɗin bai ishe shi ba, da kansa zai janye, ba sai ka kore shi ba. Wadda kuwa ta duba ta ga za ta iya, ta yi shawara da maigidanta ya amince, me zai sa kai ka yanke mata hukunci daga nesa? Kasuwannin Damagaram da asibitocinta da makarantunta cike suke da matan aure da suke fita aiki kullum, kuma da yawansu sun fi samari zama wuri ɗaya, domin saurayin da kake ganin ba shi da nauyin kowa shi ne zai iya wayar gari ya ce maka ya tafi neman kuɗi Agadas ko Kano. Zancen haihuwa gaskiya ne, doka ta ba ma'aikaciya hutun mako 14, kuma CNSS, wato asusun ƙasa mai kula da jin daɗin ma'aikata, yana ɗaukar wani kaso na kuɗin in an yi mata rajista. Hutun da ka san da zuwansa watanni kafin ya zo abu ne da ake shiryawa, ba kamar tafiyar da ba sallama ba.

Kalmar "lafiyayyu" ita ce ta ɓata wa maƙwabcinka rai, kuma ina ganin dalilinsa. Ka haɗa aiki biyu mabambanta a jimla ɗaya, sai nauyin ɗaya ya hau kan ɗayan. Aikin mangaza yana iya buƙatar ɗaga batura masu nauyi da tsayuwa a kan masu sauke kaya daga mota, kuma in haka ne, sai ka rubuta shi yadda yake: "aikin ya haɗa da ɗaga batura da jera kaya a kan kanta." Mai riƙe lissafi kuwa a zaune yake aikinsa, da kwamfuta da littafi da akwatin kuɗi. Yaron da yake tafiya da sanduna, ko yake zuwa a kan keken guragu, abin da zai nema a wurinka bai wuce tebur da zai iya shiga ƙarƙashinsa ba, da ɗan gangare na siminti a bakin ƙofa in shagon yana da matakala, wanda kuma masu turo kura da kaya su ma za su amfana da shi. Ka tuna kuma cewa kalmar nan tana korar mutanen da ba ka ma yi tunaninsu ba. Mai amosanin jini, da mai ciwon suga, da zabiya, da mai gani da ido ɗaya, duk in sun karanta "lafiyayyu" za su ɗauka da su ake, su yi shiru, kai kuma ba za ka taɓa sanin wanda ka rasa ba.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne "'yan asalin gari." Na san abin da kake nufi. Kana son wanda in kuɗi suka yi ɓatan dabo ka san gidan da za ka je, ka san uban da za ka kai wa ƙara. Wannan buƙata ce ta gaskiya a kasuwar da yawancin harkarta ta yarda ce. Amma kalmar asali tana da nauyi a ƙasar Damagaram fiye da yadda ka yi nufi. Wani zai ji ta a matsayin tambayar ko shi Bahaushe ne ko Babarbare, ko Bafulatani, ko Buzu, ko Batube. Wani zai ji ana tambayar sana'ar kakanninsa, ko mahauta ne ko maƙera, ko kuma ana tono wani tarihi da iyalinsa suka daɗe suna fama a daina yi musu gori da shi. Ɗan Mirya ko Magarya ko Matamaye ko Tanut da ya zo ya yi karatu a Jami'ar André Salifou, ya zauna a garin nan shekara da shekaru, zai ga an mayar da shi baƙo. Haka ma yaron da ya tashi a unguwa irin Kara-Kara, wanda tun da daɗewa ake yi wa kuɗin goro saboda sunan unguwarsu, ya san cewa irin wannan kalmar ba shi take kira ba, ko da kuwa nan aka binne cibiyarsa. Garin da ya yi suna da fatauci, wanda ayari yake sauka a Zangonsa daga Arewa da Kudu, bai dace a ce sanarwar aiki a cikinsa tana tantance asali ba. Kuma ka san da kanka cewa sanin gidan mutum bai taɓa hana shi cin amana ba, sau da yawa ma kunyar iyayensa ce take hana maigida ya nemi haƙƙinsa. Abin da kake buƙata shi ne mai tsaya wa mutum. Ka rubuta cewa duk mai nema ya kawo sunayen mutum biyu da suka san shi kuma za su tsaya masa, kamar malaminsa, ko wanda ya taɓa yi wa aiki, ko mai unguwarsu. In zama kusa ne damuwarka saboda buɗe shago da wuri, ka ce "mai zaune a Damagaram ko wanda zai iya zama a cikinta." Da wannan ka sami tsaron da kake nema, kuma ka same shi a rubuce, ba tare da ka taɓa mutuncin kowa ba.

Shekaru kuwa ka cire su gaba ɗaya. In ƙwarewa kake so, ka faɗi irinta, in kuma mai koyo kake so wanda za ka horar, ka ce za a koya wa wanda aka ɗauka.

Faransanci yana da wurinsa, amma ka auna shi. Mai lissafi zai karanta takardun banki da na haraji da na masu kawo kaya, don haka ka ce ya iya karanta irin waɗannan takardu da cike su. "Sosai" ba ma'auni ba ne, kuma yana tsorata wanda ya iya aikin amma bai saba dogon zance da harshen ba. Mai kula da mangaza abin da yake buƙata shi ne karanta sunan kaya da lamba da adadi. Masu sayen fitila da batir a wurinka, waɗanda yawancinsu daga ƙauyuka suke zuwa, da Hausa za su yi ciniki, wasu da Barbarci ko Fulatanci, saboda haka jin waɗannan harsuna riba ce da ya kamata sanarwar ta ambata. Tun da kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ba wanda zai ga baƙon abu in ka fitar da sanarwarka da Hausa da Faransanci tare.

Akwai kuma abin da yake shiga rubutu ba da sanin mai rubutu ba. Hausa tana bambanta namiji da mace a kusan kowace jimla, saboda haka da ka rubuta "ya kasance ya iya kaza, ya zo da takardunsa," mace ta riga ta ji ba da ita ake ba, ko da ka cire kalmar samari. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi amfani da jam'i, ka ce "masu sha'awa su kawo takardunsu," ko ka ce "mace ko namiji" sau ɗaya a farkon sanarwar, kamar yadda masu rubutawa da Faransanci suke sa H/F a gaban sunan aiki. Ka ce "mai riƙe lissafi" da "mai kula da mangaza," ka bar "yaron shago," domin magidanci mai shekara 40 ba zai so a kira shi haka ba, mace kuma ba ta shiga ciki. Wannan ba tsirfa ba ce. A 2011 wasu masana halayyar ɗan Adam, Danielle Gaucher da Justin Friesen da Aaron Kay, sun wallafa binciken da ya nuna cewa sanarwar aiki da aka cika da kalmomin da aka saba jingina wa maza tana rage wa mata sha'awar aikin, kuma dalilin ba shakkar iyawarsu ba ne, ji suke wurin ba nasu ba ne. Da Ingilishi aka yi binciken, amma saƙon 'yar ƙanwarka ya nuna maka irinsa a cikin gidanku. Ɗaya gefen ma haka yake, kuma ya fi muni. Muna ganin sanarwar da ake cewa ana neman "budurwa kyakkyawa, marar aure, ta turo hotonta" don zama a kanti ko ofis. Irin wannan tana korar maza da matan aure, tana kuma sa iyaye su hana 'ya'yansu zuwa, domin sun san ba aikin kawai ake dubawa ba.

Ga yadda nake ganin taka za ta iya zama, ka gyara lokaci da kuɗin yadda suka dace da kai:

"Shagon kayan wutar sola a Damagaram yana neman ma'aikata biyu, mace ko namiji. Na farko, mai riƙe lissafi: rubuta cinikin yini, ba da rasiti, karɓar kuɗi da kai su banki, da aiki da kwamfuta; ana son mai takardar karatun lissafin kuɗi ko wanda ya taɓa yin aikin, kuma mai iya karanta takardun banki da na haraji da Faransanci. Na biyu, mai kula da mangaza: ƙidayar kaya, rubuta shigarsu da fitarsu, da ɗaga batura da jera su. Jin Barbarci ko Fulatanci ƙarin riba ne. Aiki daga Litinin zuwa Asabar, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, albashi jika kaza a wata. Masu sha'awa su kawo takardunsu da sunayen mutum biyu da za su tsaya musu, kafin ranar kaza. Ƙofa a buɗe take ga masu nakasa, kuma duk mai buƙatar wani tanadi ranar gwaji ya sanar da mu."

Wajen rubuta albashin, ka tuna cewa mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta tsayar tun farkon 2024 shi ne jika 42 a wata, kuma adadin da ka rubuta shi za ka biya, ko mace ka ɗauka ko namiji.

Kada ka tsaya a WhatsApp kaɗai, domin lambobin da ke cikin wayarka abokan kasuwancinka ne da danginka, su kuma irinsu za su tura wa. Ka kai sanarwar ofishin hukumar ANPE da ke nan Damagaram, wadda dama ita doka ta ɗora wa haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, ka ba gidan rediyo a karanta da Hausa saboda makafi da waɗanda ba sa karatun boko da iyayen da za su gaya wa 'ya'yansu, ka kuma aika wa ƙungiyar nakasassu ta gari kwafi ɗaya.

Gyaran rubutu ba zai yi amfani ba in ranar ganawa ka koma tambayar mace ko tana da ciki, ko ka tambayi yaro su wane ne kakanninsa. Ka shirya gwaji guda ga kowa. Ka ba masu neman lissafi rasitai na yini ɗaya, ka sa kuskure ɗaya a ciki da gangan, ka ga wanda zai haɗa jimla ya gano kuskuren. Masu neman mangaza ka shiga da su ciki, su ƙirga kayan kanta ɗaya su rubuta. Ka ajiye takardun gwajin, domin su ne hujjarka in wani ya zo da ƙorafi.

Wannan ya kawo mu kan mutanen nan biyu. Maƙwabcinka ka taka har gidansa bayan la'asar, kada ka aika. Ka gaya masa kalmar ta fita ba da nufi ba, ka ba shi sabuwar sanarwar a hannu, ka ce ɗansa ya nema. 'Yar ƙanwarka kuma ka kira ta ka yi mata godiya, domin ta gaya maka gaskiya a lokacin da wasu suka yi shiru. Amma kada kunya ta sa ka yi wa ɗayansu alkawarin aikin. In ka fitar da sanarwa ga jama'a alhali ka riga ka ba 'yar gida gurbin, ka yaudari duk wanda ya kashe kuɗin kabu-kabu da na buga takardu ya zo. Ka gaya musu tun yanzu cewa gurbin lissafi ɗaya ne, su biyun za su zauna gwaji tare da sauran masu nema, kuma zai fi maka sauƙi in ka samo wani masanin lissafi daga waje ya duba takardun ba tare da ya ga sunaye ba, ta yadda ƙanwarka ko maƙwabcinka ba za su ce ka yi son kai ba.

Wanda ya ci, ku rubuta yarjejeniyar aiki, ku sa lokacin gwaji a cikinta kamar yadda doka ta yarda, ka yi masa rajista a CNSS, kuma in wani sashe ya shige maka duhu ka je ofishin sufeton ƙwadago su duba maka kafin ku sa hannu. Waɗanda ba su samu ba ka aika musu da saƙo ka sanar da su, ka kuma nemi izininsu ka riƙe takardun waɗanda suka yi ƙoƙari, tun da ka ce harka tana buɗewa kuma wataƙila nan gaba ka buƙaci mutum na uku.